Sana'a Ta Shuɗe, Darasinta Yana Nan: Tarihin Soke Tsofaffin Manhajojin Sana'a a Amurka

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 1997, Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da wata doguwar doka ta daidaita kasafin kuɗin ƙasa. A cikin sassanta masu yawa akwai wani ɗan gajeren sashe da ya soke Dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ita ce ta fara ɗora wa gwamnatin tarayya nauyin tallafa wa koyar da sana'o'i a makarantun sakandare. Dokar ta shekara 80 a kundin dokoki. A tsawon wannan lokaci tarakta ta kori doki da alfadari daga gonakin ƙasar, tafireta ta cika ofisoshi ta kuma fice daga cikinsu, an daina haɗa rubutun jarida da narkakkiyar darma, amma tsarin da aka zana wa ɗan manomi a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana nan a rubuce.

Darasin lissafi ko na nahawu yakan daɗe bai tsufa ba, domin abin da yake koyarwa ba ya dogara da wani inji ko wata kasuwa. Darasin sana'a kuwa a ɗaure yake da kayan aiki da kuma mai ɗaukar ma'aikata, don haka ranar da injin ya sauya ko kasuwar ta tashi, darasin ya fara mutuwa ko da sunansa yana cikin jadawali. Tarihin ilimin sana'a a Amurka ya nuna cewa rubuta sabuwar manhaja abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta shi da soke tsohuwa. Sabuwa tana da masu yi mata kamfe, tsohuwa tana da masu cin abinci da ita, shi kuwa ɗalibin da zai ɓata shekara biyu na ƙuruciyarsa yana koyon abin da ba wanda zai saya, ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara.

Dokar 1917 da duniyar da aka yi ta dominta

A farkon ƙarni na 20 masu masana'antu a Amurka sun damu da yadda Jamus take fitar da ƙwararrun ma'aikata daga makarantunta na sana'a, alhali tsohon tsarin koyon aiki a wurin maigida yana raguwa a ƙasarsu. Ƙungiyoyin manoma da na ƙwadago su ma suna da tasu buƙatar. Daga wannan haɗuwa aka samu dokar da Sanata Hoke Smith da ɗan majalisar wakilai Dudley Hughes, dukansu daga jihar Jojiya, suka gabatar, Shugaba Woodrow Wilson kuma ya sanya mata hannu ranar 23 ga Fabrairu, 1917. Wanda ya fi kowa tasiri wajen tsara ta shi ne Charles Prosser, wanda daga baya ya zama daraktan hukumar tarayya da aka kafa domin aiwatar da ita.

Dokar ta ambaci fannoni uku da sunansu: aikin gona, sana'o'in hannu da masana'antu, da kuma tattalin gida. Ta raba kuɗin aikin gona tsakanin jihohi bisa yawan mazauna karkara, na masana'antu kuma bisa yawan mazauna birane, sannan ta wajabta wa kowace jiha ko ƙaramar hukumarta ta zuba dala ɗaya a kan kowace dala ɗaya ta tarayya. Har tsarin ranar karatu sai da ta shiga ciki. Ɗalibin aikin gona dole ne ya yi aiki a gona na aƙalla wata 6 a shekara ƙarƙashin kulawar malami. Ɗalibin masana'antu kuwa zai yi aƙalla awa 30 a mako, rabinsu yana aiki da hannunsa. An kuma mayar da kuɗin na dindindin, wajen dala miliyan 7 a shekara bayan ya kai ƙololuwarsa, ba sai Majalisa ta sake jefa ƙuri'a a kansa kowace shekara ba.

A lokacin, wannan tsauri kariya ne. Masu tsara dokar suna tsoron kada shugabannin makarantu su karɓi kuɗin sana'a su karkatar da shi zuwa darussan Latin da aljabara, don haka suka killace shi ta kowace fuska. Sai dai katangar da ta hana ɓarawo shiga ita ce ta hana mai gida fita. Tunda an rubuta sunayen sana'o'in a cikin doka, sauya su ya zama aikin Majalisa, ba na malami ko makaranta ba.

Akwai wanda ya hango wannan tun kafin a zartar da dokar. A 1915 masanin falsafar ilimi John Dewey ya yi musayar rubutu a mujallar New Republic da David Snedden, kwamishinan ilimi na jihar Massachusetts, wanda Prosser ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ra'ayin Snedden shi ne a horar da yaro kai tsaye domin wata takamaimiyar sana'a, a tsarin da aka ware daga sauran karatu. Dewey ya ga cewa wannan zai raba 'ya'yan talakawa da 'ya'yan masu hali tun suna ƙanana, kuma zai ƙera ma'aikaci daidai da masana'antar yau, alhali masana'anta ba ta tsayawa wuri ɗaya. A Majalisa, ɓangaren Snedden da Prosser ne ya yi rinjaye. Duk wata gyara da aka yi wa dokokin ilimin sana'a daga baya, ana iya cewa komawa ce a hankali zuwa ga ƙorafin Dewey.

Gona ta ragu, doka ba ta motsa ba

A shekarar 1910 kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan Amurka a gona suke. Zuwa 1960 sun koma ƙasa da kashi 10 cikin 100. Injuna da takin zamani sun sa gona ɗaya tana cinye gonakin maƙwabta, matasan karkara kuma suna kwarara zuwa birane. Duk da haka, aikin gona da tattalin gida sun ci gaba da ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin ilimin sana'a da na ɗalibai. Dokokin da suka biyo baya, irin su George-Deen ta 1936 da George-Barden ta 1946, sun ƙara kuɗi sun kuma ƙara wasu fannoni kamar sayar da kaya, amma ba su taɓa tsohon rabon ba. Ana ɗora sabon ɗaki a kan tsohon gini, ba a rushe ko bango ɗaya.

Dalilin hakan a fili yake. A kowace gunduma ta karkara akwai malamin aikin gona wanda rabin albashinsa yana iya fitowa daga wannan doka. A jami'o'in jihohi akwai sassan da aikinsu shi ne horar da irin wannan malami. Tun 1928 kuma akwai ƙungiyar Manoman Gobe na Amurka, wadda aka fi sani da FFA, ta ɗaliban wannan fanni, mai reshe a dubban makarantu da gasa da taron shekara-shekara. Ɗan majalisar da ya yi yunƙurin rage kuɗin aikin gona zai fuskanci waɗannan mutane duka a mazaɓarsa, ba kuwa wanda zai zo ya gode masa a madadin sana'ar da ba a riga an fara koyar da ita ba.

A 1961 Shugaba John Kennedy ya naɗa kwamitin masana ƙarƙashin Benjamin Willis, shugaban makarantun birnin Chicago, domin duba lamarin. Binciken kwamitin ya tabbatar da cewa abin da ake koyarwa ya yi nisa da ayyukan da ake da su. Sakamakonsa shi ne Dokar Ilimin Sana'a ta 1963, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a watan Disamba na shekarar. Ta ba jihohi damar ɗauke kuɗi daga wani fanni zuwa wani, ta faɗaɗa ma'anar aikin gona har ta haɗa da sana'o'in da suka danganci noma ko da ba a gona ake yinsu ba, ta kuma shigar da aikin ofis cikin fannonin da tarayya za ta tallafa wa. Gyarar da aka yi a 1968 ta haɗe kuɗin Smith-Hughes da na sabuwar dokar. Daga nan tsohuwar dokar ta zama ƙwarangwal, amma sai da ta ƙara kusan shekara 30 kafin a binne ta.

Wasu tsofaffin ƙa'idojin ba kasuwa ce ta kashe su ba, sauyin tunanin al'umma ne. A jihohin kudu ɗalibai baƙaƙen fata suna da tasu ƙungiyar manoma daban, har sai da aka haɗe ta da FFA a 1965. 'Yan mata ba su samu damar zama mambobin ƙungiyar ta ƙasa ba sai a 1969. Makarantu da yawa sun saba tura yara maza ɗakin kafinta da ƙira, mata kuma ɗakin girki da ɗinki, har dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya ta kawo ƙarshen wannan rabo a hukumance.

Rubutun gaggawa da tafireta

Babu darasin da ya fi nuna yadda sana'a take tashi ta kuma faɗi kamar aikin sakatare. A 1837 Isaac Pitman ya fito da tsarinsa na rubutun gaggawa a Ingila, inda ake rubuta sautin magana da gajerun alamomi maimakon haruffa. Shi ne tsarin da ya bi Turawan Ingila zuwa ƙasashen da suka mulka, ciki har da Nijeriya, inda makarantun koyon kasuwanci suka daɗe suna koyar da shi. A Amurka kuwa wani tsari ne ya yi kasuwa, na John Robert Gregg, haifaffen Ailan, wanda ya wallafa shi a Liverpool a 1888 sannan ya ƙaura da shi Amurka a 1893. Alamominsa masu lanƙwasa ne kamar rubutun hannu na yau da kullum, ba sa buƙatar danna alƙalami domin bambanta siririn layi da mai kauri, kuma Gregg ya ƙware wajen horar da malamai da sayar da littattafai. Cikin 'yan shekaru tsarinsa ya mamaye mafi yawan makarantun sakandare da ke koyar da wannan fanni.

A gefe guda kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta a 1874. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta haifar da sabuwar sana'a: maigida ya yi magana, sakatariya ta ɗauka da rubutun gaggawa, ta koma teburinta ta buga a tafireta. Zuwa 1930 sama da kashi 90 cikin 100 na masu wannan aiki mata ne. Ga 'yar talaka da ta gama sakandare, iya ɗaukar kalma 80 zuwa 100 a minti ɗaya shi ne bambanci tsakanin aikin ofis mai tsabta da aikin masaƙa. Darasi ne da ya ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa.

Abin lura shi ne Dokar Smith-Hughes ba ta sanya aikin ofis cikin manyan fannoninta uku ba. Jihohi da gundumomi ne suka ɗauki nauyinsa da kansu na kusan rabin ƙarni. Lokacin da kuɗin tarayya ya iso gare shi a 1963, a shekarar ne aka fitar da wani sabon bugu na tsarin Gregg domin murnar cikarsa shekara 75. A shekara ta gaba, 1964, kamfanin IBM ya fito da tafireta mai adana rubutu a kan zaren maganaɗisu, wadda take iya gyara kuskure ta sake buga wasiƙa da kanta. Wato doka ta riski sana'ar ne daidai lokacin da aka haifi injin da zai kashe ta.

Mutuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Na'urar naɗar murya ta daɗe tana rage buƙatar rubutun gaggawa, tunda maigida yana iya yin maganarsa a kaset. A ƙarshen shekarun 1970 na'urorin tsara rubutu masu allo suka shiga manyan ofisoshi, a 1981 IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, daga nan kuma manajoji suka fara buga wasiƙunsu da hannunsu. Masu littafin Gregg sun yi ta ƙoƙarin ceto shi ta hanyar sauƙaƙa shi, inda bugun 1949 da na 1963 da na 1978 kowanne ya rage gajerun alamomin da ɗalibi zai haddace. Har a 1988 an fitar da bugun cika shekara 100. Sauƙaƙawar ta rage wahalar koyo, amma ba ta dawo da masu ɗaukar aiki ba. IBM ya sayar da sashensa na tafireta a 1991, kamfanin Smith Corona kuma ya shiga fatara a 1995.

Ƙaddarar tagwayen darussan ta bambanta. Rubutun gaggawa ya fice daga makarantun sakandare kusan gaba ɗaya, ya rage a lunguna ƙalilan: masu ɗaukar bayanan kotu suna amfani da wata na'ura ta musamman, ana kuma gwada su a kan kalma 225 a minti ɗaya. Bugun tafireta kuwa sauya suna ya yi ya koma darasin sarrafa allon bugu na kwamfuta, aka sauko da shi zuwa ƙananan azuzuwa, ya zama abin da kowane yaro yake buƙata, namiji ko mace. Jerin haruffan da Christopher Sholes ya tsara wa tafiretar Remington shi ne har yau a kan kwamfuta da wayar hannu. A darasi na farko, ƙwarewar da kayan aikin abu ɗaya ne, suka mutu tare. A na biyu, injin ya tafi, ƙwarewar yatsu ta zauna. Duk mai shirin soke wata manhaja, wannan ce tambayar da ta kamata ya fara amsawa: mene ne a cikinta na injin, mene ne kuma na mutum?

Abin da yake riƙe tsohon darasi

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta rubuta manhajar makarantu. Jihohi ne suke rubuta ƙa'idojin abin da ɗalibi zai sani da abin da zai iya yi a ƙarshen kowane darasi, kuma a jihohi da dama waɗannan ƙa'idoji suna da ƙarfin doka. Jihar Teksas misali ce mai kyau. A 1997 hukumar ilimi ta jihar, mai mambobi 15 da jama'a suke zaɓa, ta amince da kundin ƙa'idojin da ake kira TEKS, wanda ya shafi kowane darasi tun daga lissafi har zuwa walda. An sake duba na fannin sana'a a 2009, aka kuma sake a 2015. Kowace sabuntawa tana barin tsofaffin sassa a baya, kuma waɗannan sassa ba sa ɓacewa da kansu. Sai an gabatar da shawarar soke su a zaman hukumar, a wallafa a mujallar dokokin jihar, a ba jama'a lokaci su faɗi albarkacin bakinsu, sannan a sake jefa ƙuri'a a wani zaman.

A ido wannan aikin takarda ne kawai, amma akwai dalilin da ya sa ake binsa daki-daki. Darasin da ke cikin kundi yana da lamba, da wannan lambar makaranta take ba ɗalibi maki na kammala sakandare, da ita kuma take karɓar kuɗi, domin Teksas tana biyan ƙarin kuɗi a kan ɗalibin da ke ɗaukar darasin sana'a. Idan aka bar tsoho da sabo tare, makarantu biyu za su iya koyar da abubuwa daban da suna ɗaya. Idan kuma aka soke tsohon da wuri, ɗalibin da ya fara jerin darussa na shekara uku zai tsinci kansa a tsakiyar gada an cire ƙarshenta. Shi ya sa akan fara shigo da sabon tsari, a bar tazara domin horar da malamai da sayen littattafai, sannan a soke wanda ya gabata.

Bayan doka, akwai abubuwa uku da suke riƙe tsohon darasi a ƙasa. Na farko shi ne malami. Wanda ya shekara 25 yana koyar da rubutun gaggawa yana da takardar shaidar koyarwa a wannan fanni, yana da iyali, kuma saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Makarantu da yawa sukan gwammace su jira tafiyarsa a kan su kore shi, ta yadda ranar mutuwar darasi takan zo daidai da ranar ritayar malaminsa. Na biyu shi ne kayan aiki. Makarantar da ta kashe kuɗi mai yawa ta sayi injin haɗa rubutu da darma ba za ta yar da shi ba don kawai jaridar New York Times ta daina amfani da irinsa a watan Yulin 1978. Na uku shi ne gwaji: muddin akwai jarrabawa da takardar shaida a kan wani abu, za a ci gaba da koyar da shi, domin abin da ake aunawa shi ake karantarwa.

Lokacin da aka yi gaggawa

Da a ce jinkiri ne kaɗai matsalar, da maganin ya zo da sauƙi. Sai dai tarihin yana da ɗaya ɓangaren. A 1983 wani kwamitin gwamnatin tarayya ya fitar da rahoton da ya yi wa laƙabi da Ƙasa Cikin Haɗari, inda ya ba da shawarar kowane ɗalibin sakandare ya yi shekara 4 na Ingilishi, shekara 3 na lissafi, 3 na kimiyya, 3 na nazarin zamantakewa, da rabin shekara na ilimin kwamfuta. Jihohi suka ƙara yawan darussan tilas, sa'o'in ranar makaranta kuma ba su ƙaru ba. Darussan zaɓi ne suka biya kuɗin, a cikinsu har da na sana'a.

A shekarun 1990 ra'ayi ya bazu cewa makomar kowane yaro tana jami'a da gaban kwamfuta. Makarantu da dama suka rufe ɗakunan kafinta da na ƙira da na gyaran mota, suka yi gwanjon injunan, suka zuba kwamfutoci a wurin. Marubuci Matthew Crawford, a littafinsa na 2009 game da darajar aikin hannu, ya ja hankali ga yadda kasuwar tsofaffin injuna ta cika da kayan da suka fito daga makarantu. Ba a daɗe ba kamfanonin gine-gine da masana'antu suka fara kukan ƙarancin masu walda da masu aikin lantarki da masu gyaran famfo, ayyukan da ba a iya tura su wata ƙasa a yi. Rufe irin wannan ɗaki aikin hutun zango ɗaya ne. Sake buɗe shi yana buƙatar injuna da wutar lantarki mai ƙarfi da hanyar fitar da hayaƙi, da kuma malamin da zai yarda ya bar albashin masana'anta ya dawo aji. An ga hadari an zubar da ruwan tulu.

Akwai kuma abin da ya yi kama da matacce alhali yana aiki a ɓoye. Harshen kwamfuta na COBOL, wanda aka ƙirƙira a 1959, ya fice daga yawancin manhajoji da sunan tsufa, amma bankuna da hukumomin gwamnati sun ci gaba da dogaro da shi. A watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey yawa, sai da gwamnan jihar, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya wannan harshe. Haka ma kabureta. Zuwa farkon shekarun 1990 sababbin motocin Amurka sun koma fesa mai ta hanyar lantarki, daga 1996 kuma aka wajabta musu tsarin gano matsala na bai ɗaya da ake karantawa da na'ura. Darasin gyaran mota da bai bi wannan sauyi ba ya cuci ɗalibansa. Amma kabureta tana nan a janareta da injin yanke ciyawa da babura da yawa, don haka abin da ya dace da ita shi ne ƙaura zuwa darasin ƙananan injuna.

Daga sunan sana'a zuwa agogon bita

Dokokin da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin koyon darasi daga kurakuran biyu. Dokar 1984 ta ɗauki sunan Carl Perkins, ɗan majalisa daga jihar Kentucky da ya rasu a wannan shekara bayan ya daɗe yana kare ilimin sana'a. Sabuntawar 1990 ta buƙaci a haɗa karatun sana'a da na lissafi da kimiyya da harshe, ta yadda ɗalibi zai fita da abin da ba ya tsufa tare da injin, kusan abin da Dewey ya nema shekara 75 kafin nan. Hatta sunaye sai da aka sauya: FFA ta gajarta sunanta a 1988 domin ta nuna cewa ba noman gona kaɗai take nufi ba, ƙungiyar masana tattalin gida ta koma ta kimiyyar iyali da masu sayen kaya a 1994, dokar 2006 kuma ta ajiye tsohuwar kalmar da aka saba kiran fannin da ita, wadda ta riga ta zama tambarin ajin da ake tura yaran da aka yanke wa ƙauna, ta ɗauki sunan ilimin ayyuka da fasaha.

Babban sauyin yana cikin dokar 2018, wadda ake kira Perkins ta biyar, da take raba sama da dala biliyan 1 a shekara. Ba ta lissafa sana'o'in da za a koyar kamar yadda aka yi a 1917 ba. Abin da ta wajabta shi ne duk gundumar da ke son kuɗin ta gudanar da binciken buƙatun yankinta aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 2, tare da malamai da iyaye da ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata, ta nuna cewa darussanta sun dace da ayyukan da ake nema. Maimakon a rubuta amsa a cikin doka, sai aka rubuta lokacin da za a sake yin tambayar.

Wannan tsari ma yana da nasa rauni. Alƙaluman kasuwar aiki labarin jiya suke bayarwa, yaron da ya shiga aji a yau kuwa zai yi aiki na shekara 40 masu zuwa. Babban kamfani ɗaya a gari yana iya jan manhaja zuwa ga buƙatarsa ta bana, sannan ya rufe ƙofa baɗi. Ba wanda ya isa ya san ranar da injin da ke gabansa zai zama tarihi. Abin da tarihin ya koyar shi ne yadda ake rage asarar: a raba ƙwarewar mutum da kayan aikin zamani, a soke na biyun a ajiye na farkon, a ba ɗalibin da ya riga ya fara damar kammalawa, a horar da malami kafin a ɗauke masa darasinsa, kuma kada a yi gwanjon injin da zai yi wuyar dawowa sai an tabbata garin ba ya buƙatar masu iya sarrafa shi. Yau manhajoji cike suke da darussan tuƙa jirage marasa matuƙi da tsaron intanet da gyaran motocin lantarki. Kowannensu yana da malami da lamba da jarrabawa, kuma wata rana sunansa zai bayyana a jerin sassan da wata hukuma take shirin sokewa.